Addar da Kawu Ya Rataye a Tsamiya

Ina rumfata a Illo, ina tsaye a kan masu ɗaure kwandunan bandar kifi, aka bugo mini waya cewa Kawu ya cika. Ranar Laraba ce da hantsi. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da nuna wa masu ɗauri inda igiya ta yi sako-sako. Sai da ɗayansu ya taɓa ni ya ce, Alhaji, zauna mana, sannan na san hawaye ne ke zuba a gaban rigata. Na bar kayan a inda suke, na hau babur.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, a ƙauyenmu da ke bakin kogin Kwara. Masunci ne, bai taɓa riƙe sarauta ba, bai tara komai ba in ban da kwalekwale ɗaya da raga. Amma ranar jana'izarsa sai da aka yi sahu har cikin gonar gero. Malaman makaranta sun zo daga Bagudo, mutanen Kurgu sun zo a kan babura uku-uku, Fulani sun baro shanunsu a mashaya, masuntan ƙetare kuma daga ɓangaren Benin sun cika bakin ruwa da jirage. Matan da ke banda suka zauna a bayan danga suna kuka a hankali. Wani malamin makaranta ya riƙe hannuna ya ce Kawu ne ya fara nuna masa gauraka da idonsa, bayan ya shekara goma yana koyar da ita a littafi. Wani Bafulatani bai ce komai ba sai "mutum ya tafi," ya maimaita sau uku, ya juya.

Akwai wani tsoho daga Dandawan ƙetare, aminin Kawu tun suna samari, wanda dukanmu muke kira Baba. Shi bai yi kuka ba. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zauna a gefen tabarma ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago ya tambaya, ba tare da ya nufi kowa ba: "To yanzu wa zai tsaya a tsamiya?"

Wasu suka kalle ni, suka yi saurin kawar da kai. Na san dalili. Saboda wannan kallon nake rubuta wannan, don kada a manta da Kawu, don kuma kada a tuna da shi rabi-rabi. Ba za a san ko shi wane ne ba sai na faɗi abin da na yi masa.

Gabas da ƙauyenmu akwai kurmi a bakin kogi, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙasa. Giyayya ce ta fi yawa a ciki, sai baure da kanya da 'yan maɗatai. In ruwa ya cika yakan shiga har gindin itatuwan, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin saiwoyi. Akwai birai, akwai guza, akwai kada, dinya da kirinjijiya na sauka garke-garke, wani lokaci dorina kan ratsa. A can ƙurya kuma akwai wani lungun ruwa mai ciyawar burgu, inda ayu ke zuwa kiwo. Ba gwamnati ce ta kewaye wurin ba, babu waya, babu allo. Abin da ya tsare shi tsamiya ce guda a bakin hanya, da Kawu a gindinta.

Dokarsa ɗaya ce: ba a shiga kurmi da ƙarfe. Adda, gatari, lauje, wuƙa, bindiga, ƙugiya, duk a rataye a tsamiya, in ka fito ka ɗauki abinka. Shi ya fara da nasa. Yana saurayi, ya gaji farautar ayu daga mahaifinsa, ya soki wata da zago a lungun nan, sai da aka ja ta tudu aka ga ashe tana da ɗa. Kwana huɗu ɗan yana zagaya wurin yana fito da hanci. Kawu ya ce a rana ta huɗu ya je ya kafa zagonsa a jikin tsamiyar, bai sake taɓa shi ba. Har yau yana nan. Itacen ya haɗiye shi, sai ɗan bakin ƙarfen ake gani.

Da farko dariya aka yi masa. Daga baya masunta suka lura cewa kifi ya fi yawa a ƙasan kurmin, suka daina dariya. A hankali wurin ya zama wurin zuwa. Da Sallah iyalai kan zo da tabarmi da fura su yini a inuwa. Malamai kan kawo ɗalibai. Ma'aikata daga Bagudo kan zo ranar hutu su sha iska. Kowa ya iso tsamiya zai tarar da Kawu yana gyaran raga, ya amsa gaisuwa, sannan ya miƙa hannu ya ce, "Aje ƙarhenka." Na ga ya faɗa wa mai kaki haka, mai kakin ya tsaya yana kallonsa, daga baya ya bar bindigar a hannun abokin aikinsa a waje ya shiga shi kaɗai. Da wayar hannu ta shigo sai aka yi ta muhawara, ita ƙarfe ce ko ba ƙarfe ba. Kawu ya kwana biyu yana tunani, sannan ya yanke cewa ba ta yanka, amma tana da baki, saboda haka ta shiga in za ta yi shiru. Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa zuwa da rediyo mai ƙara da abokansa. Kawu ya ce masa birai ba su nemi labaran duniya ba. Rediyon ya yini a tsamiya.

Bai karɓar ko sisi. In ka matsa masa sai ya ce ka sayi goro ka kai wa Inna, matarsa, ita ce ke haƙuri da mijin da ya auri kurmi.

Kada a ɗauka mutum ne mai tsauri. Wata shekara da rani ya yi tsanani, shanun Fulani suka fara faɗuwa, suka zo roƙon a bar su su yanki burgu. Mutanen gari suka ce a hana. Kawu ya ce lauje dai ba zai shiga ba, amma hannu ba ƙarfe ba ne. Ya tuɓe rigarsa ya shiga ruwa tare da su, suna tuge ciyawa da hannu suna fitarwa a ka, har sati biyu. Tafin hannunsa duk ya tsattsage. Bafulatanin nan da ya ce "mutum ya tafi," yana cikin waɗanda suka tuge ciyawar.

Ni kuwa a kurmin na tashi. Bayan sallar asuba yakan leƙo ya ce, "Taso mu tai mu gai da kurmi." Haka yake faɗa, kamar za mu gidan surukai. Ya koya mini tafiya ba tare da taka busasshen ganye ba, da zama ba motsi har ƙafa ta mutu. Ba ya nuna abu da yatsa. Sai dai ya ce, "Mi kaka ji?" ka saurara, ka faɗa. Ya koya mini cewa ba a neman ayu da ganin jikinsa, ana duba guntayen burgu da ke yawo a kan ruwa, in bakin yankan ɗanye ne to bai yi nisa ba. Ina da ido, nakan riga shi hango hancin. Yakan yi murmushi ya ce wannan idon ko dai na masunci ko na ɗan kasuwa, Allah Ya zaɓa. Da na isa mutum ya kai ni wurin maƙeri aka ƙera mini adda, ya sa mata ƙota da hannunsa. Ita ce abu na farko da na mallaka a duniya. Kullum muka zo, ni da kaina nake rataye ta kusa da zagonsa.

Ɗan kasuwa na zama. Na fara da kwando ɗaya a ka, na koma babur, na koma cika mota ana kai wa kudu. Babu wanda ya ba ni jari, kuma ban ji kunyar faɗin haka. Amma sana'ar banda itace take ci, ba dare ba rana, kuma itace ya yi nisa. Matan da ke mini banda sai sun jira amalanke daga daji mai nisa, kifi na lalacewa a hannunsu. Kullum na wuce kurmin sai idona ya auna giyayyar nan. Na yi wa Kawu maganar sau biyu, a rage kaɗan daga bakin ruwa. Sau biyun yana ba ni amsa ɗaya, cewa waɗannan na bakin ruwa su ne ke riƙe da ƙasar.

Shekarar da Allah Ya buɗa mini, na biya masa kujerar Makka. Na sha tambayar kaina ko don in samu fili na tura shi. Wallahi ba don haka ba ne. Amma da ya tafi, na ga filin, kuma na shiga. Na ɗauko masu injin yankan itace daga wani gari, don babu ɗan ƙauyenmu da zai yarda. Kwana uku suka yi. Suka kwantar da layin giyayyar da ke bakin lungun ayu, da wani tsohon baure. Ni na tsaya a kansu, da addata a hannu ina sassabe musu hanya. Na gaya wa kaina itace ne, zai tsiro. Na gaya wa kaina mutumin da na kai Makka ba zai iya buɗe baki a kaina ba. Wannan na biyun shi ne lissafin da na fi jin kunyarsa.

Ya dawo ranar Litinin, gida cike da 'yan barka. Washegari da sassafe, kafin kowa ya zo, ya tafi gai da kurmi. Da hantsi ya aiko a kira ni, a ce in zo da addata.

Na same shi a gindin tsamiya, da farar hular Makka a kansa. Na riga na shirya maganata, na kuwa zuba ta duka: mata na wahala, kifi na ruɓewa, gidaje da yawa a wannan sana'ar suke ci, itace kuma ba ya ƙarewa. Ya bar ni har na gama. Bai musa ko ɗaya ba.

"Da mi kunka shiga?" ya tambaya.

Na ce da inji.

"Kun aje shi a tsamiya?"

Na dubi addar da ke hannuna.

"Kai hwa? Ka aje taka?"

Ya miƙo hannu kamar yadda yake miƙa wa baƙi. Na ba shi addar. Ya juya ta, ya duba bakinta, ya share da gefen rigarsa, sannan ya rataye ta kusa da zagon. Ya ce, "Ranad da munka sake shiga tare, ka ɗauki abinka." Ya koma ya zauna ya jawo ragarsa.

Iyakar faɗan ke nan. Da ya zage ni da na ji sauƙi, don na san yadda ake amsa zagi.

Da ruwa ya cika a shekarar, gaɓar lungun ta zube. Laka ta binne burgun. Ayu bai sake zuwa ba. Ban sani ba ko sarar ce ta kore shi ko wani abu dabam, kuma Kawu bai taɓa cewa ita ce ba, ko a gabana ko a bayana. Bai yanke ni ba. Yana amsa gaisuwata, yana cin abincin gidana, shi ya yi wa 'ya'yana huɗuba. Da matata ta yi doguwar jinya a Bagudo, sati uku yana zuwa yana zama a bakin asibiti, shi da ba ya son gari. In na kawo masa shadda ya karɓa ya sa albarka. Yakan tsokane ni a gaban mutane ya kira ni Alhajin banda. Abu ɗaya kawai ya ɗauke: bai sake cewa in taso mu je mu gai da kurmi ba. Shekara goma sha ɗaya. Ni ma ban tambaya ba. In zan wuce ta wajen sai in zagaya ta hanyar gona, in ce wa kaina ta fi kyau ga babur.

Sati uku kafin rasuwarsa, Inna ta bugo mini, ta ce ga Kawunka. Idonsa ya riga ya yi rauni sosai a lokacin, muryarsa kuma ta sirance. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaushe kaka da sarari? Ka zo mu tai mu gai da kurmi."

Sai da na nemi wuri na zauna. Na ce ina da mota da zan sallama, in ta tashi zan zo. Motar ta tashi. Na ce sai na karɓi kayan ƙetare. Na karɓa. Ya sake sa aka bugo, na ce ranar Juma'a in Allah Ya yarda, daga masallaci sai wurinsa. Ya ce, "To, Allah shi kai mu." Laraba ya rasu.

Na gaya wa masu ta'aziyya cewa kasuwa ce ta riƙe ni, suka ce haka Allah Ya so. Ba kasuwa ba ce. Ina da yaran shago da za su iya sallamar mota ba tare da ni ba. Tsoro ne. Ban san yadda zan tsaya kusa da shi a gaban kututturan nan ba. Ni da nake shiga gaban kowa in yi ciniki ido cikin ido, na kasa tafiyar rabin awa.

Ranar addu'ar uku, wani dillalin gawayi da na sani ya zo ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Da zai tafi ya ja ni gefe, ya ce ba yanzu ba, in an share makoki, akwai maganar da yake so mu yi a kan itatuwan bakin ruwa, tunda ni ne babba a gidan yanzu kuma na san harka. Ban ji haushinsa ba. Idon da yake kallon gabas da shi, na san shi, nawa ne.

Da yamma na shiga gai da Inna. Tana takaba, tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce ko na san abin da ya sa Kawu yake nemana. Na ce a'a. Ta ce tun da baƙin ruwa ya iso, wannan cikar da ke zuwa da sanyi bayan girbi, yake dawowa yana cewa ya ji numfashi a lungun ayu. Ba ɗaya ba, biyu, babba da ƙarami. Idonsa ba ya gani, kuma ya ƙi yarda kowa ya duba masa. Baba ya ce zai duba, Kawu ya hana. Ta ce, "Cewa ya yi a bari ɗan ƙanwata shi zo. Shi ka da ido. Tun yana ƙarami shi ka riga ni gani."

Ban san lokacin da na fita daga ɗakin ba.

Washegari bayan asuba na je na sami Baba, don bai koma ƙetare ba tukuna, na roƙe shi ya raka ni. Muka tafi a ƙasa. Da muka isa tsamiya na ga wurin zaman Kawu, ƙasar ta yi sumul, da guntun zaren raga a maƙale a saiwa. Na ɗaga kai. Na zaci zan ga tsatsa, ko in tarar itacen ya fara cin ta kamar yadda ya ci zagon. Addar na nan a rataye, an naɗe bakinta da tsumma. Na warware. Tana ƙyalli, tana warin man gyaɗa. Ƙotar kuma ba wadda na sani ba ce, sabuwa ce.

Baba ya ce wannan ce ta uku. Gara ta ci ta farko, ta biyu ta tsage da rani. Duk shekara in ruwa ya janye Kawu kan sauke ta ya wasa, ya shafa mai, ya matsar da igiyar don kada itacen ya kama ta. Ya ce ya taɓa tambayarsa wahalar me yake yi wa addar da mai ita ya manta da ita. Kawu ya ce mai ita na nan zuwa, kada ya zo ya tarar ba ta ci.

Na mayar da tsumman. Na ciro makullin babur da 'yar wuƙar da nake yanka igiya da ita, na rataye. Na kashe waya. Baba ya ce shi a nan zai jira.

Kurmin bai canza ba kamar yadda na ji tsoro, kuma ya canza. Birai na nan, sun bi ni da ido daga kan kanya. Dinya ta tashi daga wani tafki. Da na isa lungun na ga kututturan, sun yi baƙi, wasu sun ruɓe. A tsakaninsu akwai 'yan giyayya da suka fi ni tsawo kaɗan, kowace an kewaye ta da ƙaya. Ba su da yawa, kuma ba su kai su riƙe ƙasa ba tukuna. Burgu ya dawo a gefe ɗaya. Na zauna inda muke zama, na yi shiru har ƙafata ta mutu, har rana ta ɗaga.

Ban ga ayu ba. Ba zan ƙara wa labarin abin da babu ba. Abin da na gani guntayen burgu ne suna yawo a kan ruwa. Na miƙa hannu na kamo ɗaya. Bakin yankan ɗanye ne. Na juya dama, wurin da Kawu yake zama, don in nuna masa, sai na tuna. A nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Da na fito Baba ya dube ni, na nuna masa ciyawar. Ya karɓa ya shinshina, ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna addar da haɓa ya ce in ɗauki abina, ai an yafe mini tun tuni, ko makaho ya ga haka. Na ce na sani, Baba. Amma ba cewa ya yi ranar da ya yafe ba. Cewa ya yi ranar da muka shiga tare.

Na ɗauki makullina da wuƙata, na bar addar a wurin.

Dillalin gawayi ya dawo bayan addu'ar bakwai, na ba shi amsa a taƙaice, ba mu ɓata ba. Ba zan iya zama a tsamiya kullum kamar Kawu ba, ina da iyali da sana'a, kuma ban iya gyaran raga ba. Amma Juma'a da Asabar ina can, sauran kwanakin masunta sun raba a tsakaninsu. Makon jiya wasu malamai suka zo daga Bagudo da iyalansu. Na miƙa hannu, na ce su aje ƙarfensu. Suka aje, suka shiga.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi inuwa kamar yadda ya tsare wa bayinKa inuwa, masu magana da marasa magana. Ka ba Inna haƙuri. Wanda ya karanta wannan, in dattijonsa ya kira shi, ya tafi a ranar.

Ruwa ya fara janyewa. Na sayi man gyaɗa da dutsen washi.